Bin Sawun Manomin Da: Kwage Na Dambanas

A darasin tarihi mun saba da sunayen sarakuna. Kowane yaro ya iya jero su da ka: wane ya ci sarauta, ya shekara kaza, ya yi yaƙi da wane, ya rasu, ƙanensa ya gaje shi. Amma ran da malami ya tsaya ya ce, "To, hatsin da rundunar nan ta ci a hanya, wa ya noma shi?" sai ka ji aji ya yi tsit. Ba laifin yaran ba ne. Masu alƙalami na zamanin da a gindin fada su ke zaune, abin da ya faru a fada shi su ke rubutawa. Sawun giwa ya take na raƙumi, balle fa na talaka mai fartanya a kafaɗa. Saboda haka muka ga ya kamata a wannan karo mu bar sarakuna su huta, mu ɗauki manomi guda ɗaya wanda ya yi zamani a ƙarni na 19, mu bi sawunsa cikin takardu kamar yadda maharbi ya kan bi sawun nama, mu ga inda za su kai mu.

Mutumin da muka zaɓa sunansa Kwage, ana kuma ce masa Adamu. Garinsu Dambanas, kusa da Kance, a ƙasar Damagaram, watau cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Kance tana kudu maso yamma da Zinder, a kan hanyar da ta gangara Daura da Kano. Kwage ba sarki ba ne, ba malami ba ne, ba kuwa attajiri ba. Ba mu da ko harafi ɗaya da ya fito daga hannunsa. A ƙauyukan lokacin ba a rubuta haihuwa, ba a rubuta aure ko mutuwa, iyakar gona kuwa a bakin dattawa ta ke, sai ko wani kututture ko jerin gamba. Irinsa dubu dubai sun yi noma sun mutu, ba wanda ya san sunansu yau. Abin da ya fid da shi daga cikinsu masifa ce da ta auka wa gidansa.

Ga yadda abin ya ke. Kwage yana da ɗa, Dorugu, wanda aka haifa wajen shekara ta 1840. Yaron bai fi shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ba aka kama shi bauta, aka kai shi Zinder, daga nan aka wuce da shi Kukawa, babban birnin Barno a lokacin, ya faɗa hannun wani Balarabe. A can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, wanda mutane su ke kira Tabib, ya fanshe shi, ya 'yanta shi. Da Overweg ya rasu a bakin Tabkin Cadi cikin Satumba 1852, sai yaron ya koma wurin abokin tafiyarsa, Dokta Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasashenmu da suna Abdulkarim. Ya bi shi har Sakkwato da Tambutu, suka komo, suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka sauka Landan cikin Satumba 1855. A Ingila wani limamin mishan, J. F. Schön, wanda ya daɗe yana wahalar koyon Hausa, ya ɗauke shi gidansa. Ya kan zaunad da shi ya ce ya ba shi labari, yaro yana faɗa, shi yana rubutawa da baƙaƙen Turawa. Labarin ya fito cikin littafin Schön mai suna Magana Hausa a 1885, sa'an nan a 1971 A. H. M. Kirk-Greene da Paul Newman suka juya shi da Ingilishi, suka yi masa sharhi. A farkon labarin nan, inda yaro ya ke tuna gida, nan mu ke samun Kwage. Ku dubi nisan hanya: kafin sunan manomin Dambanas ya hau takarda, sai da ɗansa ya sha bauta, ya ƙetare hamada da teku.

Kafin mu karɓi ko kalma ɗaya, sai mu yi abin da alƙali ya ke yi, mu tsai da mai shaida mu dube shi. Wane ne shi? Ina ya ke sa'ad da abin ya faru? Wa ya ke gaya wa, don me kuma a ke tambayarsa? Dorugu ya ga abin da ya ke faɗa da idonsa, wannan ƙarfi ne babba. Amma idon na yaro ne. Sa'ad da ya ke ba da labarin bai wuce shekara goma sha shida ko sha bakwai ba, ya kuwa yi shekara biyar ko fi rabonsa da gida. Yaro ya kan riƙe abin da ya taɓa jikinsa, kamar yunwa, da gudu, da kyautar da ubansa ya yi masa. Ba ya riƙe lissafin shekaru, ba ruwansa da abin da aka biya mai gari. Mai rubutun kuma ba tarihi ya ke nema ba. Schön kalmomi ya ke farauta, don ya shirya nahawu da ƙamus, ya kuma juya littattafan addininsa. A Saliyo ya koyi Hausa wurin 'yantattun bayi, ya bi jiragen da suka hau Kwara a 1841, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Da mai son sanin noma ne ya zauna da yaron, da ya tsare shi da tambayar faɗin gonar, da yawan damin da su ke samu, da wanda ya ba su ita. Duk da haka akwai abu ɗaya da ya sa muka amince da shi. Mutum in ya yi nisa da gida, inda ba mai ƙaryata shi, ya kan so ya mai da ubansa sarki ko babban malami. Dorugu yana tsakiyar Ingila, ba wanda ya san asalinsa, ya ce ubansa makaɗi ne mai 'yar ƙaramar gona. Wanda ya faɗi haka ba girma ya ke nema a wurin mai sauraro ba.

Wani abin tuntuɓe kuma shi ne rubutun sunaye. Barth ya rubuta sunan yaron Dyrregu, Schön ya rubuta Dorugu. Garin da mu ke ce wa Kance, Faransawa Kantché su ke rubutawa. Zinder a wurin Jamusawa Sinder ce, mutanenta kuwa Damagaram su ke cewa. Wanda ya buɗe littafi yana neman rubutu iri ɗaya sai ya rufe ya ce babu, alhali mutumin yana ciki. Har wa yau kunnen Turawan farko bai rarrabe ka da ƙa ba, ko da da ɗa, haruffan nan masu lanƙwasa kuwa sai wajen ƙarshen shekarun 1930 suka zauna cikin rubutun boko. In ka ga an rubuta baki a tsohon littafi, sai ka duba gaba da baya kafin ka san bakin magana ne ko baƙin launi. Maganinsa shi ne a karanta da ƙarfi, a saurara da kunnen Bahaushe. Barth ya rubuta demmi da fertaña. In ka furta su sai ka ji dami da fartanya.

To, me yaron ya faɗa game da ubansa? Kaɗan ne, tafin hannu ya ɗauke shi. Yana da gona ƙarama. Yana kiɗa. Yana da mata da 'ya'ya, Dorugu da ƙanensa da ƙanwarsa. An kama matar bauta tun kafin a kama Dorugu, ya kuma sake aure. Sai wani ɗan labari wanda mai gaggawa zai tsallake, mu kuwa a kansa za mu daɗe. Yaron ya ga ubansa yana fama da aikin gona, ya roƙa a yi masa 'yar fartanya daidai hannunsa don ya taya shi, aka kuwa sa maƙeri ya ƙera masa.

A ido wannan wasan yara ne. Amma mu aje shi kusa da wata takarda mu gani. Barth ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu 1851, ya yi ta tambayar yadda a ke karɓar haraji. Ya rubuta cewa a ƙasar Kano kowane mai gida yana biyan kuɗin ƙasa wuri 2,500, kowane ramin karofi wuri 700, kowane itacen dabino wuri 600. A Zazzau kuwa, in ji shi, a kan fartanya a ke sa kuɗin, kowace ɗaya wuri 500. Sa'an nan ya ƙara da wani lissafi wanda ya fi sauran duka amfani gare mu. Ya ce fartanya ɗaya tana iya noma abin da zai ba da dami 100 zuwa 200, kowane dami yana fid da awo biyu na wani ma'auni da ya kira kel, mutum ɗaya kuwa kel 50 ya ishe shi ci shekara. Ku ɗauki alli ku buga. Kel 50 dami 25 ke nan. Ashe fartanya ɗaya tana ciyad da mutum huɗu a ƙaramin lissafi, takwas a babba.

Yanzu mu koma Dambanas da lissafin nan, amma da hankali, gama ba a can aka yi shi ba. Ƙasar Kance ta fi Zazzau ƙarancin ruwa nesa ba kusa ba. Damina gajeriya ce, yawancin ƙasar jigawa ce ta gero, saboda haka ƙaramin adadin ya fi kusa da ita. Gidan Kwage baki biyar ne: shi, da matarsa, da 'ya'ya uku. A lissafin Barth dami 125 ke nan. Gaskiya ne yara ba su cin na manya, amma daga rumbun nan za a fid da iri, da rabon mai gari, da na baƙo, da abin da za a kai kasuwa a sayo gishiri da kanwa da ƙarfen fartanya. Gida irin wannan a kan gaɓa ya ke kowace shekara. Ruwa ya ɗauke kwana ashirin bayan shuka, ko fara ta sauka, sai rumbu ya ƙare tun ba a shiga bazara ba. Kun ga ashe 'yar fartanyar nan tana da nauyi. A zamanin nan daji yana da yawa, wanda ya ke son ya sare ya yi gona ya kan samu wurin mai gari. Hannun da zai nome ta shi ne ya yi wuya. Shi ya sa a Zazzau fartanya a ke ƙirgawa, ba a damu da auna faɗin gona ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka, yaron kuwa ya gane haka tun bai kai ya riƙa babbar fartanya ba.

Ku lura da abin da muka yi a nan, don shi ne zuciyar wannan aiki. Barth bai ambaci Kwage a lissafinsa ba, bai auna gonarsa ba. Abin da ya ba mu na mutanen zamanin ne baki ɗaya, mu muka ɗauko shi muka haska gidan mutum ɗaya da shi. Wannan halal ne ga mai tarihi, muddin ya gaya wa mai karatu cewa ga abin da aka faɗa a kan mutumin kansa, ga kuma abin da aka aro daga maƙwabta. Ran da ya gauraya su, ya rubuta cewa Kwage ya girbe dami 100, to, ya bar tarihi ya shiga tatsuniya.

Kiɗan ma yana da magana. Manomin ƙasar Hausa tun da can ba ya dogara ga noma kaɗai, gama damina wata huɗu ce, rani kuwa dogo. Wani saƙa, wani ƙira, wani jima, wani fatauci. Kwage kiɗa ne nasa. Mun san a al'ada akwai makaɗan noma, waɗanda a kan kira ran gayya su bi bayan samari suna zuga su da kirari, a sallame su da hatsi ko wuri. Ga kuma suna, ga biki. Mun san makaɗi ba ya cikin manyan gari, sana'arsa a wajen roƙo a ke lissafa ta, galibi kuwa gado ce. Sai dai a nan ne mai bin sawu ya fi saurin ɓata, domin ya kan ɗauki ƙauyen da ya sani yau ya aza a kan na jiya. Wanda zai zana Dambanas ta 1845 kada ya sa inuwar dalbejiya a ƙofar gida. Itacen Indiya ne, a zamanin Turawa aka yaɗa shi. Kada ya sa garmar shanu, ko buhunan gyaɗa suna jiran mota, gama gyaɗa ba ta zama babbar hajar sayarwa ba sai bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Abin da zai sa ba tsoro shi ne gawo a tsakiyar gona, wanda ya kan kaɗe ganyensa da damina ya bar gero ya sha rana, da kuka, da tsamiya, da rumbu a bayan ɗaki.

Saura babbar tambaya: me ya sa a ke kama iyalin mutum a cikin ƙasarsu? Nan tilas mu tashi sarakunan da muka bari suna hutawa. Kance a bakin iyaka ta ke. Kudu ga ƙasashen da su ke bin Sakkwato, watau Daura da Katsina da Kano. Yamma ga Tasawa da Maraɗi, inda sarakunan Haɓe na Katsina suka koma bayan jihadi. Gabas ga Zinder, wadda Sarkinta ya ke bin Shehun Barno, yau da biyayya, gobe da tawaye. Barth ya rubuta cewa a 1846 rundunar Barno ta tafi yaƙi wajen Zinder, sai Wadai suka sami ƙofa ta gabas suka ɓata Kukawa. Dorugu ma ya ambaci yaƙin mutanen Barno a ƙasarsu yana ƙarami. Runduna kuwa in ta ratsa ƙauye ba ta tambayar wa ya yi tawaye, wa bai yi ba.

Shaida mafi ƙarfi ta wani Baturen Ingila ce, James Richardson, shugaban tafiyar su Barth. Su uku sun rabu a Damargu cikin Janairu 1851. Barth ya nufi Katsina da Kano, Overweg ya yi wajen Gobir da Maraɗi, shi kuwa ya sauka Zinder ran 14 ga wata, ya zauna 'yan makonni. Sarki Ibrahim ne a kan gado. Richardson ya rubuta cewa bashin fatake ya yi wa Sarki yawa, in ya matsu sai ya ta da hari, har a kan garuruwan da su ke ƙarƙashinsa, ya kamo mutane ya biya da su. Yana garin aka fita hari wajen Korgom, ya kuma tsaya ya ga an shigo da kamammu, yara da mata da tsofaffi. Shi ma sai mu tsai da shi mu dube shi. Mutum ne wanda ya ba da ransa ga yaƙi da cinikin bayi, da wannan niyya ya bar gida, yawancin labarinsa kuma daga bakin fatake da tafinta ya samo shi, saboda haka adadin da aka gaya masa a zaure ba abin rantsuwa ba ne. Amma abin da ya gani da ido ya yi daidai da abin da ya sami Dorugu, su biyun kuwa ba su haɗa baki ba. Richardson ya rasu a Ngurutuwa ran 4 ga Maris 1851, bai ko kai Kukawa ba, a 1853 aka buga littafinsa. Shaidu biyu da ba su san juna ba sun fi goma da suka kwafi juna.

Ga tarko kuwa a nan. Zuciya tana so mu ce Dorugu yana cikin yaran nan da Richardson ya gani, tun da ya ke shekarun sun yi kusa, garin ma shi ne. Labari zai yi daɗi ƙwarai. Amma Richardson bai kira sunan Dorugu ba, bai kira na ubansa ba. Haka kuma kada mu ɗaura kamun uwar a kan yaƙin 1846 don kawai mun tsinci shekara a littafi. Abin da ya halatta mu rubuta shi ne, irin wannan hari a ke yi a ƙasar cikin shekarun da aka watsa gidan Kwage. Ko wannan kaɗai ya isa ya nuna mana nauyin abin. Masu bincike da suka zauna ƙasar Kance a ƙarni na 20, kamar Guy Nicolas, sun tarad da mata suna taya aikin gandu, suna kuma da 'yan gonakinsu da a ke kira gamana. In haka abin ya ke a zamanin Kwage, to, ran da aka kama matarsa an ɗauke masa uwar 'ya'ya da hannun aiki gaba ɗaya. Yaron kuma da ya rena har ya fara amfanar gona, daidai lokacin aka ɗauke shi. Allah Sarki!

Tarihin sarautar Damagaram kansa an tattara shi. Landeroin, tafintan ayarin Tilho wanda ya auna iyaka tsakanin 1906 da 1909, ya rubuta abin da dattawa suka gaya masa, André Salifou kuma ya fid da littafi a kan sarautar a 1971. Amfanin irin waɗannan gare mu kamar turaku ne da a ke ɗaure shekaru. Tsoho ba ya cewa 1870, cewa ya ke yi zamanin Tanimu. Mai littafi shi zai gaya mana Tanimu ya rasu 1884.

Don ku ga yadda aikin nan ya ke sakewa da sakewar ƙasa, bari mu leƙa Faransa kaɗan. A 1995 wani malamin tarihi, Alain Corbin, ya shiga gidan ajiyar takardu na lardin Orne, ya zaɓi wani talaka da ka, ba tare da ya san kome a kansa ba. Aka dace da Louis-François Pinagot, mai sassaƙa takalman katako a wani ƙauye a bakin dajin Bellême. A ƙasarsu tun 1792 hukuma ta ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, ana ƙidayar mutane gida gida da sunayensu, ana auna samari don soja. Saboda haka Corbin ya sami cewa an haife shi 1798, ya yi aure 1818, ya haifi 'ya'ya takwas, tsawonsa ƙafa 5 da inci 5, bai iya karatu ba, ya mutu 1876. Har ya cika littafi guda, wanda ya fito 1998. Amma duk cikin tarin takardun nan babu maganar da ta fito daga bakin mutumin, ko daga bakin wani mai ƙaunarsa; magatakarda da masu haraji ne kaɗai suka taɓa shi. Mu kuwa shekarun Kwage sai ƙiyasi: in ɗansa na 1840 ne, shi wataƙila na wajen 1810 zuwa 1820 ne. Amma muna da muryar ɗansa, muna da 'yar fartanya. Corbin da ya sami irinta da ya yi murna.

Wanda ya ke son ya gwada wannan aiki a kan kakan kakansa, hanyar Dorugu ita ce ta fi buɗe masa, watau bakin 'ya'ya da jikoki. Ta haka aka san wani manomi kuma malami, Tsoho na Karo: 'yarsa Baba ce ta ba Mary Smith labarinsa a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga 1954, har da bayanin gandu da rinji da yadda a ke fansar wanda aka kama. In mutumin ya kai zamanin Turawa, to, takardu sun ƙaru. Akwai rahotannin da joji-joji suka rubuta sa'ad da su ke zagaya gundumomi suna tsara haraji, waɗanda a ke ajiye da su a gidan ajiyar takardun gwamnati na Kaduna. Akwai littattafan shari'a, kamar na majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914, wanda Allan Christelow ya juya ya buga a 1994. A irinsu ne talaka ya ke fitowa da sunansa, in an yi rigimar gona ko gado. Ƙasa ma takarda ce ga mai ido: kufai, da tsohuwar rijiya, da ramukan karofi, da sauran ganuwa. In za ku tambayi tsoho shekara, ku ɗaure ta a jikin abin da kowa ya sani, kamar Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, ko shigar Faransawa Zinder a 1899, ko shigar Turawan Ingila Kano a 1903, ko babbar yunwar 1914. Kome aka gaya muku kuwa ku rubuta wanda ya faɗa, da garin, da ranar, da ko gani ya yi ko ji, in ji ne daga wa. Mun sha ganin littafin bincike cike da labari mai kyau, amma ba a san bakin da ya fito ba, sai ya zama ba shi da amfani ga na baya.

Dorugu ya zauna Ingila har 1864, sa'an nan ya komo Afirka ya yi aikin tafinta. Da Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, inda aka fara horad da malaman boko na Arewa, ɗan Kwage yana cikin masu koyarwa, ya tsufa. A nan Kano ya rasu cikin shekara ta 1912.